Sallamar da Ta Kusa Mayar da Ni Gida

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aikin shara da goge-goge a wani dogon bene na ofisoshi a nan Doha, na yi wata wauta da har yau in na tuna sai in tsorata, daga baya kuma in zauna ina dariya ni kaɗai. Na daɗe ina son ba ku labarin. Sai in ɗauki waya in fara rubutawa, in goge. Yau dai na ce ko ana ha maza ha mata sai na ƙarasa shi.

Kamfanin da ya kawo ni daga gida shi ne kafil ɗina, wato da sunansa aka ba ni katin zama a ƙasar. Shi ya ba mu ɗakin kwana, mu shida a ɗaki ɗaya, kuma bas ɗinsa ce ke ɗaukarmu da sassafe ta dawo da mu da yamma. Fasfo ɗina kuwa, tun ranar da na sauka manajanmu, wanda muke kira mudir, ya karɓa ya ce ajiya ce. Albashina shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci, kuma na yi shekara da watanni bai ko motsa ba.

A gida kuwa komai motsi yake yi, kuma sama yake yi. An cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, ya ja shinkafa da masara da magani suka bi shi. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana saboda ni ce 'yar fari. In na kira ta sai ta ce, "Ke yarinyar nan, kuɗin nan naki in an canza su zuwa naira sai ki ji sun cika baki, in na shiga kasuwa kuma sai in dawo da leda ɗaya. Ba ƙorafi nake miki ba fa." Duk ranar da ta ce ba ƙorafi take ba, ranar sai in kwana ina lissafin albashina.

Mutum biyu ne suka riƙe ni a garin nan. Na farko wani dattijo ne Bakano, mai gadin ƙofar benen da muke sharewa. Shi ba kamfaninmu ɗaya ba, na masu tsaro ne ya ajiye shi a wurin. Kullum in mun sauka daga bas, sauran 'yan mata su wuce, ni sai na tsaya na rusuna na gaishe shi. Da ya ji ni Bazazzagiya ce, shi ke nan na shiga uku da tsokana.

"A'a, Zage-zagi an iso! Yau ma da tsintsiyar za a ci Doha da yaƙi?"

"Baba, ai gara mu muna motsi. Ku Kanawa ƙofa kawai aka ba ku ku yi ta kallo."

Ta biyu wata nas ce 'yar wajen Jos, Kirista, ta girme ni sosai, ina ce mata Anti. A wani shago a unguwar da ake kira Matar Ƙadim muka haɗu, inda 'yan gida ke zuwa sayen kuka da daddawa ranar Juma'a. Ita ta jiyo min cewa wani kamfani a filin jirgi yana neman mata masu jin Hausa da ɗan Turanci, su riƙa tura tsofaffin matafiya a keken marasa ƙarfi. Na je aka yi min tambayoyi ranar hutuna, suka ce sun ɗauke ni. Albashin ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma awannin aikin a ƙayyade suke.

Na ce wa Anti, "To ai mudir ba zai sake ni ba."

Ta ce, "Ƙanwata, wannan zamanin ya wuce. An canza doka tun tuni, ku ne dai ba a faɗa muku. Ba kya bukatar takardar izinin kafil. Sanarwa za ki shigar a shafin ofishin ƙwadago ta waya, ki yi musu aikin wata ɗaya, khalas, shi ke nan, ki kama gabanki. Amma ki jira ni ranar Asabar in na sauko daga aiki mu shigar tare. Kafin nan ki kama bakinki. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji ɗin. Murna ce ta sa na kira gida.

Mahaifiyata ta yi ta hamdala, ta sa min albarka, sai can ta ce, "Shi mutumin da ya ɗauke ki aiki, kin faɗa masa?"

Na ce, "Umma, an ce yanzu ta waya ake yi."

"Ta waya? Mutum ya ba ki wurin kwana shekara guda, kin ci abinci ta hannunsa, ki sulale ta waya kamar wadda ta yi sata? Ban yi miki wannan tarbiyyar ba. Ki je ki yi masa sallama, ki gode masa, ki nemi gafara in kin taɓa saɓa masa. Kuma kada ki je hannu rabbana."

Ba na ganin laifinta ko kaɗan. A wurinmu ko maƙwabciya za ki bari sai kin shiga kin yi sallama, balle wanda kika zauna a ƙarƙashinsa. Ni ma da ta faɗa sai na ji kunya ta kama ni, kamar da gaske ɓarauniyar ce. Na sayi kwalin dabino mai kyau, na haɗa da kwalbar turaren wuta da na zo da ita daga gida ina ta tattalinta, na ce ya kai wa matarsa.

Ranar Laraba da rana na ƙwanƙwasa ofishinsa. 'Yan'uwa, har ƙasa na tsuguna, a kan tayil ɗin da ni na goge shi da safe. Da ɗan Turancina na sakandare da Larabcin da na tsinta a bas na jero masa godiya. Ya buɗe kwalin, ya ɗauki dabino ɗaya ya sa a baki. Ya tambaye ni wane kamfani ne, na faɗa. Nawa za su biya, na faɗa. Sai ya ce, "Kin shigar da sanarwa?"

Na ce, "A'a mudir, sai ranar Asabar. Na ce bai dace in yi ba ka sani ba."

Ya tofar da ƙwallon dabinon a hannunsa, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Ni na kawo ki ƙasar nan. Filin jirgi kike so? Ni zan kai ki filin jirgi da hannuna. Yalla, koma aiki."

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Ban faɗa wa kowa ba, har Anti, don na san me za ta ce.

Washegari da na zo shiga bas, direba ya tare ƙofa ya ce mudir ya ce in huta a ɗaki, ba sai na zo aiki ba, zai gyara min takarduna. Ku ji wautar: daɗi na ji! Na ce ashe dabinon ya yi aiki, ya kwana ya huce. Har na kira mahaifiyata na ce ta ga albarkar maganarta. Na kwana biyu a ɗaki ina wanki, ina kitsa wa kaina, ina tunanin kayan aikin da za a ba ni a filin jirgi.

A rana ta uku, wato Asabar, sai Baba ya faɗo min a rai. Na ce mutumin nan kullum ina gaishe shi, in ɓace haka kawai bai san inda na yi ba? Ai shi ma ya cancanci sallama. Na biya kuɗin jirgin ƙasa daga aljihuna na tafi.

Yana hango ni ya fara, "Bazazzagiya, na ce ko tsintsiyar ce ta fi ƙarfinki?"

Na rusuna na ba shi labari tiryan-tiryan, ina murmushi. Ina magana ina ganin fuskarsa tana canzawa. Ban taɓa ganinsa ba ya dariya ba sai ranar.

Ya ce, "Hutun nan, a rubuce ya ba ki?"

"A'a, direba ne ya faɗa min."

"Da baki."

"Da baki, Baba."

Ya cire hular aikinsa ya share goshi. Ya ce, "'Yata, ba hutu aka ba ki ba. Hurub ake dafa miki. In ma'aikaci ya yi kwanaki ba ya zuwa aiki, kafil yana iya kai ƙara ya ce ya gudu. In ta zauna a kanki, babu sabon aikin, babu tsohon. Kama ki za a yi a sa ki a jirgi, kuma ba lallai ki sake taka ƙasar nan ba. Na ga an yi wa maza masu gemu, suna kuka kamar yara."

Na zauna a kan dakalin fulawa. Abin da ya fara zuwa min shi ne in gudu, in je in ɓuya wurin Anti. Na faɗa masa haka.

Ya ce, "To kin ga kin ƙarasa masa aikinsa ke nan. Gudun ai shi yake jira. Tashi." Ya jawo babban littafin da ke kan teburinsa, wanda yake rubuta duk wanda ya shiga benen da lokacin shigarsa da fitarsa. Ya rubuta sunana da lambar katina, ya duba agogo ya rubuta lokaci, ya juyo min da shi. "Sa hannu. Daga yau kullum ki zo da kayan aikinki a jikinki, ko ba a ɗauko ki ba. Ki zo kafin bas ɗinku, kada ki tafi sai ta tafi."

Na ce, "Baba, kada in ja maka matsala."

"Wace matsala? Ni aikina in rubuta wanda ya shiga. Kin shiga, na rubuta. Da Bakanuwa ce ma da ba a kai ga haka ba, amma ya za mu yi da ku?"

Da yammar nan na je wurin Anti. Ta saurare ni har ƙarshe, ta riƙe ƙugu ta ce, "Dabino? Har da turare? Yesu! Ƙanwata, me ya hana ki haɗa masa da tikitin jirgin ya huta?" Ta yi faɗan har ta gaji, sannan ta zuba min shinkafa, ta karɓi wayata muka shigar da sanarwar. Ba a jima ba saƙo ya shigo daga ofishin ƙwadago cewa an karɓa. Ta ce in ɗauki hoton saƙon in tura mata, in tura wa duk wanda na yarda da shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Bas ba ta ɗaukata, kullum ni ke biyan kuɗin hanya, abincin ranata ya koma burodi da shayin madara da suke kira karak. Akwai na'urar da muke danna yatsa a kai don a san mun zo aiki. Na danna, ta yi ja. Na goge yatsan a hijabi na sake dannawa, ta yi ja. An cire ni daga ciki. Mai raba mana aiki ta daina ba ni hawan benen da zan share, in na yi mata magana sai ta kalli bango. 'Yan ɗakinmu ma suka rage hira da ni, kuma ban ji haushinsu ba, kowa tana da uwar da take turawa kuɗi.

Sai in ɗauki bokiti da abin goge ƙasa in kama harabar shiga, inda kyamara take, in yi ta gogewa. Wurin da ba shi da datti ma sai na goge shi sau biyar. Baba ya ce in na ci gaba haka tayil ɗin zai huje mu faɗa ƙasa. Duk motar 'yan sanda da ta gifta ta titi sai in ji fitsari ya matse ni. Sau biyu mudir ya zo ya wuce ni. Ni kuwa, saboda sabo, sau biyun duka sai da na gaishe shi.

Ana cikin mako na uku aka sanar da ni cewa kamfani ya kai ƙara na bar aiki ba a san inda nake ba, sauya aikina kuma ya tsaya sai an warware. Nan take na kira Anti na faɗa mata. Ta shigar min da koke, aka sa mana rana. Baba kuma ya je wurin shugabansa, ya roƙa aka ɗauki kwafin shafukan littafin aka buga musu hatimi. Da zai miƙo min ya ce, "Riƙe da kyau. Kada ki haɗa da dabino ki ba wani."

Ranar zaman Anti ta yi musayar aiki da wata ta raka ni ofishin ƙwadago. Wata mata ce a bayan teburin, da baƙar abaya da tabarau, ba ta fara'a ba ta kuma ɗaure fuska. Mudir bai zo ba, wani ya turo da jakar takardu. Mutumin ya fito da takardar na'urar yatsa, ya nuna layin sunana, babu komai tun daga ranar Alhamis ɗin nan.

Matar ta dube ni. Duk Turancin da na tsara a hanya ya gudu. Sai kawai na miƙa mata takardun Baba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Sunana, lokaci, sa hannuna, kullum, kafin bas ta iso.

Sai na ji bakina yana cewa, "Amma gaskiya kwana biyun farko ban je ba." Anti ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da na ce wash.

Matar ta ce, "Me ya sa?"

Na faɗa mata saƙon direba. Ta ce, "A kwana biyun nan, da sauran kwanakin, a ina kike kwana?"

Na ce, "A ɗakin kamfani."

Ta cire tabarau ta juya wajen mutumin. Ta ce, "Wadda ta gudu tana kwana a ɗakinku, tana goge ƙofarku kullum, ba ku san inda take ba? Wa ya cire yatsanta daga na'ura?" Ya buɗe jaka ya rufe, ya ce sai ya tambaya. Ta rubuta wani abu mai tsawo. Can ta ɗago ta ce min, "Ina fasfo ɗinki?"

Na ce yana wurin mudir, ajiya.

Ta ce, "Ke kika ce ya ajiye miki?"

Na ce a'a. Ta sake juyawa wajen mutumin, ta yi masa magana da Larabci da sauri. Ban fahimci komai ba sai kalma ɗaya: yau.

Kafin la'asar direban nan da ya tare min ƙofar bas shi ya kawo min fasfo ɗina a ambulan. Na buɗe na ga hotona, wata yarinya mai ƙananan idanu da ba ta san komai ba. Na zauna a bakin gado na yi kukan da na riƙe mako uku. Bayan 'yan kwanaki aka janye ƙarar, yatsana ya koma yin kore a na'ura, na ƙarasa watana cif.

Na ba mahaifiyata labarin duka. Sai ta ce, "Na kusa jefa ki a rami da hannuna." Na ce, "Umma, ai sallamar da kika koya min ce ta kai ni wurin Baba." Ta ja hanci ta ce, "To ranar ƙarshe ki je ki sake yi wa mudir ɗin sallama." Na ce Umma! Ta ce, "Ba don shi ba."

Na je. Amma wannan karon a tsaye na yi, daga bakin ƙofa, fasfo ɗina a cikin jaka, jakar kuma a ƙarƙashin hijabi na matse ta da hammata. Na ce na gode, na tafi. Bai ɗago ba. Na hango kwalbar turarena a kan kantarsa, an ƙona fiye da rabi. Dabinon da na saya a ranar, Baba na kai wa. Ya ce a tarihin Zazzau ba a taɓa yin mai hankalina ba, kuma wannan ba yabo ba ne.

In kun tambaye ni abin da na koya, ba zan ce a daina sallama ba. Ina yi har gobe. Amma yanzu na san takarda ake fara shigarwa, sannan a je gaisuwa. Na kuma san dokar da ta cece ni ta daɗe a rubuce, mu ne muke kwana mu shida a ɗaki babu wadda ta taɓa jin labarinta. Bayan tafiyata, biyu daga cikin 'yan ɗakinmu sun kira ni a ɓoye, na haɗa su da Anti. Abu na farko da take tambayar kowacce shi ne ko ta sayi dabino.

Tsoron bai gama sakina ba. Har yau in saƙo ya shigo wayata daga lambar hukuma sai na yi bismilla kafin in buɗe. Fasfo ɗina a cikin rigar matashina yake, wani lokaci ina cikin aiki sai in ji kamar na manta shi a wani wuri, zuciyata ta yi ta bugawa har in koma ɗaki in taɓa shi. Kasuwar gida ma ba ta sauko ba, sai dai yanzu mahaifiyata tana dawowa da leda biyu, wataran uku, kuma ta daina cewa ba ƙorafi take ba.

Mudir ya ce zai kai ni filin jirgi. To, can ɗin nake zuwa kullum, da katin aiki a wuyana. Jiya ma wata tsohuwa 'yar Sakkwato na tura, za ta wuce Umara. Da ta ji na yi mata Hausa ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta sa min albarka har muka kai ƙofar jirgi. Na gyara mata mayafi, na ce Hajiya a sa mu a addu'a, na yi mata sallama. Ta shiga, aka rufe ƙofa. Ni kuma na juya keken, na dawo cikin gari da ƙafata.